Amfilifayar Baba Ilyasu

Wannan abin da zan ba ku ya faru da ni ne shekarun baya, lokacin ina da shagon gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar Gwarzo, kafin wayar hannu ta zo ta mayar da yawancinmu masu gyaran caja. Wallahi ba ji na yi ba, ni ne abin ya sama, kuma ban cika ba da labarin ba saboda mutane in ka faɗa sai su riƙa kallonka wani iri.

A lokacin ni kaɗai ne a yankin nake taɓa kayan bawul, wato irin kwalaben nan na gilashi da ke cikin tsofaffin na'urori, masu yin haske ja-ja in sun ɗauki zafi. A Kano na koya, wajen wani maigidana da ya yi aiki da na'urorin watsa magana, shi ya sa duk wanda ya tsinci tsohon abu a ɗakin kakansa sai a ce masa ya kawo mini.

To wata ranar kasuwa da damina, ina zaune ina fama da wata rediyo, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama ta tsaya a bakin shago, na ba ta benci, muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa, sannan ta ce sunanta Hajiya Gambo, daga Kabo take. Ta ce maigidanta, Baba Ilyasu, tsohon injiniyan sadarwa ne, da ya yi ritaya ya dawo gida sai ya ware ɗaki ɗaya kusa da soro ya cika shi da na'urori, ya kafa dogon ƙarfen eriya a tsakar gida, yana magana da abokansa na nesa ta iska, har da na ƙasashen waje. A ƙarshe ya shiga haɗa wata babbar amfilifaya da hannunsa don muryarsa ta ƙara nisa, bai gama ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Tun daga nan ba ya tafiya, ba ya magana, sai dai ido.

Abin da ya kawo ta shi ne, 'yan'uwansa sun zo dubiya, suka zauna a gabansa suna shawarar a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe kayan ɗakin, tunda ba amfaninsu. Ta ce daga ranar ya rufe bakinsa, ko kunu aka kai sai ya kau da kai.

“Ɗan nan, ni ban san kan abin ba,” in ji ta, “so nake kawai ka tayar da amfilifayar nan ya gani da idonsa cewa ba a zubar masa ba. Ko ya yarda ya ci abinci.”

Ban iya ce mata a'a ba. Washegari na hau babur na tafi.

Da na isa ta fara kai ni na gaishe shi. Dogon mutum ne, ya rame ƙwarai, yana kwance kan gadon ƙarfe a ɗakin can ciki, hannunsa na dama a lanƙwashe kan ƙirji kamar ba nasa ba. Na durƙusa na ce, “Baba, sannu da jiki, ni ne mai gyara.” Ya zuba mini ido har sai da na ji kunya, kamar yana auna ko na isa, daga nan ya lumshe. Hajiya ta ce wannan lumshewar ita ce amincewarsa.

Da ta buɗe mini ɗakin aikin, na daɗe a tsaye ina kallo. Amfilifayar tana cikin akwatin ƙarfe mai tsayi har ƙirjina, a ƙasa akwai taransifoma da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba, da manyan kafasitoci a jere kamar gwangwanayen madara, a sama kuma bawul biyu kowanne ya kai butar shayi, da fanka a ƙarƙashinsu tana hura musu iska. Aiki ne mai tsabta, kowace waya a miƙe, kowane liƙin dalma yana ƙyalli, kana gani ka san mai shi ya so abinsa. Ba zane, ba komai a rubuce, a kansa ya ajiye tsarin, don haka sai da na riƙa bin waya ɗaya bayan ɗaya da ido da ɗan yatsa har na gane inda ya dosa.

Ga waɗanda ba su sani ba, irin wannan na'ura ba wasa ba ce. Wutar da ke shiga kan bawul ɗin dubban bolt ce, kuma ko ka kashe ta, kafasitocin nan suna riƙe wutar a cikinsu kamar randa. Shi ya sa ake sa musu wasu rizistoci da aikinsu kawai su tsiyaye wutar a hankali bayan an kashe, a kuma sa mita a gaban akwati mai nuna ko ta sauka. Wanda ya taɓa kafin ta sauka, sai dai a yi masa addu'a.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin Gwarzo da Kabo, in buɗe shago da safe, in rufe da azahar in tafi. Na share ƙura, na kori zanzaro da suka yi gida a cikin naɗin waya, na sauya fis, wato ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ranar da na fara kunna ta da janareta sai na ga matsalar da ta tsayar da tsohon, domin da bawul ɗin sun yi zafi, ko ba a sa musu magana ba, sai allurar mita ta haura da kanta, cikin kwalbar ya yi jajir kamar garwashi, ka ji wani siririn fito, fis ya tashi. In ma na kawo hannuna kusa da akwatin sai allurar ta yi rawa. Na gane na'urar tana jin muryar kanta ne tana ƙara ta, kamar yadda lasifikar masallaci ke kuka in an kai makirufo kusa da ita. Maganin shi ne a gajarta wasu wayoyi, a kuma ɗaura ɗan rizisto mai naɗin waya a kan hular kowane bawul. Kullum in zan tafi sai na shiga na ba Baba rahoto kamar yaronsa, in ce yau na gano kaza, gobe zan gwada kaza, shi kuma ya lumshe ido, wani lokaci ya ɗaure fuska, in na ga haka sai in koma in sake dubawa. Hajiya ta ce ya fara karɓar kunu kaɗan-kaɗan.

To ranar da abin ya faru, da rana ne, bayan azahar, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, gari ya yi haske. Na gwada na'urar, fis ya sake tashi, na kashe janareta, na zare waya daga bango, na ga allurar mita ta kwanta ƙasa, na fita na yi sallar la'asar a masallacin unguwa, har na tsaya gaisawa da mutane. Duk wanda ya san aikin zai ce maka wannan lokacin ya isa wuta ta tsiyaye sau goma. Na dawo na buɗe murfin, na naɗe hannun riga, na miƙa hannu zan cire hular bawul ɗin, yatsuna saura kaɗan su taɓa ƙarfen, sai na ji an ce daga bayana:

“Ka-ka-kai ɗan nan, ɗauke hannunka.”

Na tsaya cak. Na waiwaya, wallahi tallahi, Baba Ilyasu ne a tsaye a bakin ƙofa, da farar rigarsa ta kwanciya, ya dafa ƙyauren da hannunsa na dama, wannan hannun da ya mutu. Ba wani hayaƙi ko inuwa ba, mutum ne sosai, har hasken waje ya tare. Abin mamaki kuma ban ji tsoro ba a lokacin, murna ma na ji, na ce a raina ashe tsoho ya samu sauƙi.

Ya ce, “Mi-mi-mitar ƙarya take yi. Sa sanda tukuna.”

A gefen teburin akwai wata sandar roba mai ƙugiyar tagulla a baki, da waya mai kauri da ta tafi cikin ƙasa, ta sauke wuta ce, na saba amfani da ita, ranar ce dai na ga ba buƙata tunda mita ta kwanta kuma an jima. Na ɗauka na ɗora ƙugiyar a kan kafasita. Jama'a, ƙarar da ta tashi kamar an harba bindiga a cikin ɗakin, wani shuɗin haske ya cika mini ido, bakin ƙugiyar ya narke, kajin tsakar gida suka watse. Na zube a ƙasa, kunnena yana ƙugi, ina ta salati. Da idona ya washe na juya in yi masa godiya, ba kowa a ƙofar.

Na tashi na leƙa soro ba kowa, na yi sallama na shiga cikin gida. Ga Baba a kwance kan gadonsa yadda na bar shi, an lulluɓe masa ƙafafu, gumi ya jiƙa masa fuska, Hajiya na zaune a gefensa da kofin kunu ya zube a zaninta. Na ce, “Hajiya, Baba ya tashi ne?”

Ta dube ni ta ce, “Ya tashi ya je ina? Tun da ka tafi masallaci ina nan ina ba shi kunu. Ƙarar mece ce wannan?”

Na zauna a ƙasa na faɗa mata duk abin da ya faru, kuma da na zo kan maganarsa sai na maimaita ta yadda na ji ta, da sarƙewar harshen da komai, ban ma lura ba. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, “Wa ya gaya maka yana in'ina?”

Ba wanda ya gaya mini. Ban taɓa jin muryarsa ba a duniya, ban san shi ba sai da ya kwanta. Ta ce haka yake tun yana yaro, in hankalinsa ya tashi harshensa sai ya sarƙe a farkon magana. Daga nan ta miƙo mini wuyan hannunta, ga shatin yatsu nan ja a jiki, ta ce jim kaɗan kafin ƙarar, ya damƙe ta da hannun nan na dama da ya shekara da shekaru bai motsa ba, ya riƙe har sai da kunun ya zube, idonsa a kafe a bango, ta ɗauka ma rai ne zai fita. Ƙarar na tashi ya sake ta. Na ɗaga hannun na duba, a sake yake, ba ƙarfi ko kaɗan. Na kalle shi na ce, “Baba, na gode.” Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, Hajiya ta sa bakin mayafi ta share.

Da na samu natsuwa na koma na bincika, sai na tarar ɗaya daga cikin rizistocin tsiyaye wutar ya yanke ta ciki, a waje lafiya lau, kuma ta kansa mitar take karatu, shi ya sa da ya yanke ta kwanta alhali randa a cike take. Yaushe ya yanke, ban sani ba, wataƙila a gwajin ranar. Yadda mutumin da ke kwance a can ƙuryar gida ya sani, wannan kuma na bar wa Allah.

Na ƙarasa aikin. Ranar da na'urar ta tashi lafiya, ba ja, ba fito, allura a tsaye inda ake so, muka samu maƙwabta suka ɗauko shi a kujera aka kawo shi ɗakin. Ya daɗe yana kallon hasken bawul ɗin nan, fanka tana hurawa, muryoyin mutanen nesa suna shigowa ta lasifika cikin harsunan da ban sani ba. Bai iya amsa musu ba, amma ranar Hajiya ta ce har tuwo ya ci. Bayan an yi girbi Allah ya karɓi abinsa, na je jana'iza, ni ma na kama makara.

Na tambayi wani malami a Kutama, ya ce rai sirrin Ubangiji ne, in yi wa Baba addu'a kawai. Wani abokina kuwa ya ce gajiya ce da tunanina. To gajiya ce ta koya mini in'inar mutumin da ban taɓa ji ba?

Shawarata ga masu sana'a irin tawa, kada ka yarda da mita, kada ka yarda da jimawa, ka sa sanda kafin ka sa hannu, ko da kai ka kashe da kanka. Ga sauran jama'a kuma, in kuna da majinyaci da ba ya magana, ku daina yanke shawara a kansa kamar ba ya wurin, ba ku san iya inda yake kaiwa ba. Ni dai har yau in na buɗe murfin babbar na'ura ni kaɗai a shago, nakan ji kamar hasken ƙofa ya ɗan ragu a bayana, sai in janye hannuna in yi wa Baba Ilyasu fatiha, amma ba na waiwayawa.