Shekarar da hancina ya mutu a Tamanrasset

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Jiya wata baiwar Allah ta rubuta cewa tun da ta yi mura ba ta jin ƙanshin komai, har tana tsoron ta haukace. Shi ya sa na ce bari in buɗe baki.

Ina matashi na baro Damagaram, ina sayar da turare a kasuwar Tamanrasset, Faransawa ba su daɗe da sakin ƙasar ba. Zazzaɓi ya kayar da ni, da ciwon kai kamar goshina zai tsage. A asibiti aka ɗebi jini, aka haska cikin hancina, allura safe da yamma. Jarina ya tafi a magani.

Zazzaɓi ya sauka, amma hanci ya mutu. Likita ya ce ta bakin tafinta, "Yana iya dawowa, yana iya ƙi."

Mai turare ba hanci. Na ji tsoro ƙwarai.

Wata rana ina zaune, bakin rigata ya taɓa garwashi ya kama wuta ban sani ba. Matata Hadiza, Allah ya jiƙanta, ta fito da gudu ta kashe. "Maigida, ƙaurin nan har ɗaki na ji shi."

Daga ranar ta ɗaura aniya. Kullum sai ta kawo abu ta kara mini a hanci. "Shinshina. Ɗanyen nama ne, ƙarni yake. Wannan kanumfari, ƙanshi. Kar ka ce mini wari kawai, kowane da sunansa." Hamami na baki, ɗoyi na mushe. Ita ce ma ta tunatar da ni cewa turare daga turarawa ya samo suna, ni da nake sayar da shi ban taɓa lura ba.

Watanni ina shaƙar iska kawai.

Ran nan na ɗauki jaririyarmu, ta jiƙa mini cinya. Wani abu ya soki hancina. Na ce, "Hadiza, zarni nake ji."

Ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Alhamdu lillahi, a hankali sauran suka biyo.

Ke 'yata da kika yi rubutu jiya, da duk mai wannan lalura: ku je asibiti da wuri. Kada ku zauna ku kaɗai kusa da wuta, ku sa wani ya duba muku abinci kafin ku ci. Ku riƙa shinshinawa kullum, ko ba ku ji komai ba.