Ziyarar Madina da Rigimar Golan Ranuna

Sallar asuba kawai muka jira muka bar Jidda, ni da abokan aikina biyu, a wata tsohuwar Fijo ta haya wadda ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Su ziyara ce ta kai su Madina, don alhazai sun watse, gari ya yi sauƙi, kuɗin mota ma ya sauko. Ni kuwa ban da ziyara akwai kira. Gwaggona da ke zaune a Ranuna ta aiko wani direba ya ce in zo in yi wa ɗanta, Yaya Sidi, magana. Direban bai san kan zancen ba, ya dai ce ya shafi ƙwallo. Na yi dariya a lokacin, don Yaya Sidi ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya, ban ga abin da ƙwallo za ta yi masa da har sai an kira ɗan'uwa daga Jidda ba.

Tsohuwar hanya muka bi ta gefen teku, tunda sabuwar da ake yankawa ta cikin duwatsu ba a buɗe ta ba tukuna. Siririya ce, kuma manyan motocin siminti da rodi masu zuwa Yanbu sun cika ta. Direbanmu mutumin Yaman ne, ya naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya daina hira ba. Mu ne muka daina. A Mastura muka tsaya cin kifi. Rumfuna ne a jere bakin titi, ka nuna wanda kake so a soya maka nan take, a kawo shi kan jar shinkafa a faranti ɗaya. Akwai daɗi, sai dai mai rumfar yakan dubi fuskarka kafin ya faɗi kuɗi. Muka tura wanda ya fi mu Larabci, ya dawo da farashin 'yan gari.

Daga Badar hanya ta rabu da teku ta shiga tsakanin baƙaƙen duwatsu. Muka tsaya muka yi wa shahidai addu'a, a shingen 'yan sanda aka duba mana igama, wato takardar izinin zama, muka shiga Madina ana shirin azahar. Wanda ya saba da Jidda, abin da zai fara lura da shi a Madina shi ne mutane ba sa ɗaga murya, ko hon ɗin mota a takaice ake yin sa. Muka yi salla a Harami, muka yi wa Manzon Allah (SAW) sallama. Abokan tafiyata suka kama ɗaki nan kusa, a kan abin da bai kai rabin kuɗin lokacin hajji ba, ni kuma na hau mota zuwa Ranuna, can kudu wajen Ƙuba, inda gonakin dabino suke cakuɗe da sababbin gidajen bulo.

Gwaggo tun tana yarinya mahaifinta ya zo da ita ta Sudan, ba ta sake komawa ba. Hausarta ta Katsina ce irin ta da, da ɗan Larabci a tsakani. Ta sa aka yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da wata hajiya ta bar mata. Jikokinta suka zo gaishe ni, ina tambayarsu da Hausa suna amsawa da Larabci, kuma babu abin da ya ɓace a tsakani. Sai da na wanke hannu ta buɗe zancen.

Unguwar tana da ƙungiyar ƙwallo da ke karawa da sauran unguwanni kowane azumi. Yaya Sidi shi ne golansu tun kafin ya yi aure. Azumin da ya wuce su ne suka zo na ƙarshe. Alhaji Mamman, mai shagon dabino da ke saya musu riguna da ƙwallaye, wanda kuma a shagonsa Yaya Sidi yake aiki, ya ce a sake gini. Ya ɗauko mai horarwa, wani Bahaushen Sudan mai suna Abdurrahim da ke koyar da motsa jiki a makaranta. Abdurrahim ya ajiye tsofaffin 'yan wasa, har da Yaya Sidi, ya bar wa ƙungiyar unguwar Jurf ɗan wasan da ke ci wa Ranuna ƙwallo ya karɓi matasa biyu a madadinsa, ya kawo sabon gola da bai daɗe da gama sakandare ba. Ana haka 'yan unguwar Aƙiƙ suka nemi Yaya Sidi ya tsare musu raga, ya kuma amsa. Ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za a yi wasan gwaji, Ranuna da Aƙiƙ.

Ta ce, "Ka gaya masa ya zauna. Gwiwar nan tasa ba lafiya gare ta ba, kuma abincin 'ya'yansa a shagon Alhaji yake. Ni ba ya jin tawa, yana ganin ban san kura ba." Kura ita ce ƙwallo a bakin mutanen nan. Ta ƙara da cewa ita ce take wanke rigunan ƙungiyar shekara da shekaru, saboda haka ta san wanda yake gudu da wanda yake tsaye, daga ƙurar da ke jikin rigarsa.

Da yamma na je wurin mai shayin unguwa. Shayin Madina da na'ana ake yin sa, a ƙaramin kofin gilashi, ya fi na Jidda ƙamshi kuma ya fi araha. Gefe guda wani ɗan Damagaram yana gasa tsire, wanda Larabawa ke layi suna saya suna kiransa siriyya. Ban yi tambaya ba, zancen ne ya same ni a zaune. Dattawa suna ganin an yi ɓarna. Wani mai ɗinki ya ce ba cin wasa ne ya dame shi ba, filin nan ne kaɗai ya rage inda ake ƙwala kira da Hausa a bainar jama'a, yanzu kuwa yaran da aka kawo da Larabci suke neman ƙwallo. Masu matsakaicin shekaru suka ce ba harshe ake bugawa ba, tsofaffin sun yi tumbi, a ba Abdurrahim azumi biyu a gani. Wani magini ɗan Maraɗi ya ce duk ba nan laifin yake ba, laifin shi ne a ba Jurf mutumin da ya iya cin ƙwallo a karɓi yara biyu da ba wanda ya san iyayensu. Wanda ya fi kowa zafi wani dattijo ne mai sanda, ya zana yadda ya kamata a jera 'yan wasa da kofuna a kan tebur. Daga baya mai shayi ya raɗa mini cewa bai taɓa zuwa filin ba.

A kan Yaya Sidi kuwa kusan baki ɗaya ne: an wulaƙanta shi, kuma duk inda ya je ya yi daidai. Masu goyon bayan sabon tsari ma cewa suke ya tafi lafiya, ai ya tsufa, ba abin da zai tare.

Kashegari na same shi a shago, kusa da Harami, yana ware dabinon ajwa daga na safawi. Dogo ne, hannayensa manya, 'yan yatsunsa biyu sun karkace saboda tsohon targaɗe. Na isar da saƙon Gwaggo kamar yadda ta ba ni. Ya saurara har na gama, bai daina aikinsa ba.

Ya ce, "Na san na tsufa, ba sai Abdurrahim ya zo daga Sudan ya gaya mini ba. Da sun kira ni sun ce Sidi ka huta, da na huta, halas, magana ta ƙare. A wurin mai shayi na ji. Kullum ina nan tare da Alhaji daga safe har isha, bai ce mini komai ba."

Na ce to idan ya sallame ka fa? Ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, matarsa ma ta yi masa shi da babbar murya, amma ya riga ya ba mutanen Aƙiƙ baki. An aiko ni in faɗa, na faɗa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi filin, har da abokan tafiyata da suka gaji da zaman ɗaki. Fili ne na yashi a bayan wata gonar dabino, turakun raga bututun ruwa ne aka haɗa da walda, iyakar fili kuma farar ƙasa ce aka zuba. 'Yan kallo wasu a kan katanga, wasu a kan motocin ɗaukar kaya. An kawo wa Alhaji Mamman kujera. Da Yaya Sidi ya fito cikin koriyar rigar Aƙiƙ sai guna-guni ya tashi. Mai ɗinkin nan, wanda yake cikin masu cewa an wulaƙanta Yaya Sidi, shi ne na fara ji yana cewa ko me aka yi wa mutum bai kamata ya sa rigar wasu a gaban unguwarsu ba.

Yaran Ranuna suna da gudu, wannan ba musu. Sai dai kowa gudunsa yake yi, ba wanda ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Sabon golansu ya iya tsalle, amma ya fito inda bai kamata ba aka zura masa biyu kafin hutu. A ɗaya ragar Yaya Sidi bai cika motsi ba, ƙwallo ce take zuwa inda yake. Ya tare wadda kowa ya riga ya tashi tsaye dominta, sai na ji masu cewa ya tsufa suna tambayar wane ne ma ya ce a bar shi ya tafi. Bayan hutu gwiwar ta fara nuna kanta, yana ɗingishi idan zai ɗauko ƙwallo. Ɗaya daga cikin matasan da aka karɓo daga Jurf ya zille wa mutum biyu ya buga ta ƙasa, ta ɓangaren ƙafar mai ciwo, ta shiga. Maginin nan ɗan Maraɗi ya juyo ya gaya mini cewa shi tun farko ya ga alama a jikin yaron. A haka aka tashi, Aƙiƙ ta yi nasara.

Yaya Sidi ya ratsa fili ya je ya gaishe da Alhaji Mamman. Alhaji ya ba shi hannu yana kallon wani wuri. A gida Gwaggo ta sa aka dafa ruwan zafi ta gasa masa gwiwa da kanta. Da ya ajiye koriyar rigar a kan kayan wanki, ta ɗauke ta da 'yan yatsu biyu ta miƙa masa, ta ce wannan ba a gidanta za a wanke ta ba. Shi ya wanke abarsa a bakin famfo.

Asabar da safe na bi shi shago, don in san abin da zan gaya wa Gwaggo. Muka tarar Abdurrahim ya riga mu, ya zo karɓar sababbin ƙwallaye. Nan zancen ya fito ba tare da kowa ya nufa ba. Abdurrahim ya ɗauka Alhaji zai gaya wa Yaya Sidi, tunda yaron shagonsa ne. Alhaji ya ɗauka Abdurrahim zai gaya masa, tunda shi ne mai horarwa. Kowannensu nauyin bakin ya ji, ya bar wa ɗayan. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Alhaji ya nuna buhunan da mota ta sauke a ƙofa.

Ya ce, "Sidi, wanda ya yi tsallen jiya ai ba zai ce buhu ya fi ƙarfinsa ba. Shigo da su." Da ya ga yana ɗingishi sai ya ce ya bari, ya zauna a kan ma'auni, a kira masu dako. Ya kuma cika wani kwali da ajwa ya ce a kai wa Gwaggo. Aikin Yaya Sidi dai yana nan. Zai tsare wa Aƙiƙ raga har azumi, daga nan ya ce ya ajiye.

Mun yi bankwana da Harami bayan azahar, muka sayi dabino da damin na'ana na tsaraba, muka kamo hanya. Wannan karon babbar motar safa muka hau, ta fi Fijo tsada kaɗan amma direbanta da ƙafa biyu yake tuƙi. Ba mu tsaya cin kifi ba, muka iso Jidda wajen isha, iskar teku mai ɗanko ta tare mu tun daga Zahaban.

Na tafi ina ganin abin dariya ne a kira mutum daga wani gari saboda ƙwallo, na dawo ban ga haka ba. Ra'ayin 'yan kallo ba abin riƙewa ba ne, a yammaci ɗaya na ga ya juya sau uku, kuma kowa da gaskiyarsa yake faɗa a lokacin da yake faɗa. Ko Abdurrahim ya yi daidai ko bai yi ba, azumi ne zai nuna, ni ban san kura ba. Abin da na sani shi ne duk unguwar ta yi makonni tana magana a kan Yaya Sidi, wasu na yabo wasu na zargi, shi kuwa magana ɗaya yake jira daga mutumin da suke wuni tare a shago ɗaya, kuma ita ce ba a yi masa ba.