Baturen da Aka Haɗa da Israel Chollom

Israel Chollom mutumin Bukuru ne, ɗan Birom, kuma duk wanda ya san shi tun yana yaro zai gaya maka cewa bai taɓa yarda da murmushin da bai san dalilinsa ba. Ba laifinsa ba ne. Ya tashi a shekarun da garin Jos kan kwana lafiya ya wayi gari da hayaƙi, aka koya wa yara su duba bayansu kafin su duba gabansu. Da ya gama sakandare ya zauna gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tasha, inda kowane mai kawo waya ke rantsuwa cewa tasa ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. A nan ya ƙarasa karatun zargi.

A shagon ne wasu samari biyu masu farar riga da baƙar lamba mai suna a ƙirji suka kawo masa gyara. Suka dawo karɓa, suka ci gaba da dawowa ba tare da wata waya ba. Ya yi watanni yana neman inda ƙaryarsu take, da ya rasa sai ya shiga cocinsu, wanda mutane ke kira cocin Mormon. Mahaifinsa, Baba Chollom, dattijo ne a wata tsohuwar ekilisiya, kuma sai da furfura ta cika kansa aka ba shi wannan kujera. Ranar da Israel ya ce an kira shi aikin bishara na shekara biyu a London, can kuma Elder za a riƙa ce masa, wato dattijo, tsohon ya yi dariya har da tari.

"Dattijon da ko gemu bai ajiye ba," in ji shi. "Je ka. Ba za ka yi wata uku ba za su gane ka, su ɗoro ka a jirgi su dawo mini da kai."

Wannan magana ta bi Israel har Accra, inda aka tara su na 'yan makonni ana koya musu aikin. Tashi da sassafe, karatu, addu'a, sai a raba su biyu-biyu, ɗaya ya zama mai gida ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofa, a koyi yadda ake karɓar kora da fara'a. Duk wannan bai dame shi ba. Doka ɗaya ce ta tsaya masa a rai: kowane mai bishara yana da abokin aiki, kuma ba sa rabuwa, dole kana inda idonsa zai gan ka, kunnensa ya ji ka, sai fa banɗaki. Malamin ya ce don su kare juna ne. Sauran samari suka gyaɗa kai. Shi kuwa Israel a ransa ya ce, to, an ba kowa mai gadi ke nan.

Mai gadinsa a London wani Bature ne daga Idaho ta Amurka, Elder Pruett, dogo, siriri, shekararsa sha tara, kunnuwansa kullum ja kamar an murɗe su. Shi aka ɗora wa nauyin koya wa sabon zuwa aiki a watannin farko, kuma shi shugaban mishan zai riƙa tambaya yadda sabon ke tafiya. Ɗakinsu yana saman wani shagon aski a unguwar Peckham, gado biyu, tebur biyu, taga ɗaya da ke kallon hanyar jirgin ƙasa. Ranar farko Pruett ya ce gidansu noman dankali suke yi. Israel ya ce su ma a Filato suna da dankali, amma bai ƙara komai ba, don ya ga kamar ana son a ji cikinsa ne.

London ta ba shi wuya, ba ƙarya. Rana ta faɗi tun kafin mutum ya gama narkar da abincin rana. Ya gaida wata tsohuwa a bas, ta matsa da jakarta. Sanyin da yake taƙama ya saba da shi a Jos ashe wasan yara ne. Waya da gida sai ranar Litinin, kuma duk Litinin, bayan mahaifiyarsa ta gama tambayar ko yana cin abinci, sai ya ji muryar Baba daga nesa yana cewa a tambaye shi ko ya fara haɗa kaya. Israel ya yi kewar gida sosai, amma tsoron komawa ya fi kewar ƙarfi.

Don haka ya sa wa Pruett ido, kuma abubuwan da ya gani ba su kwantar masa da hankali ba. In suka je ƙofar mutane, ko suka tare wani a bakin kasuwa, sai Baturen ya ja baya ya ce, "Kai fara." Daga nan ya yi shiru, kansa a sunkuye, Israel na ta fama da Turancin da ke tsere masa. Wane irin malami ne ba ya koyarwa, sai saurare? Mai jarrabawa ke nan. Da safe lokacin karatu sai ya buɗe littafi ya zura masa ido, shafi ɗaya har a tashi. In Israel ya dafa shinkafa da miya, cokali biyu yake yi ya ture, ya ce ta yi daɗi ƙwarai. Babban abin kuwa banɗaki ne. Kullum da safe sai ya shiga ya kulle, ya buɗe famfo, ruwa na ta zuba har Israel ya gama guga ya ɗaura takalmi. Ya fito fuska a wanke, da murmushin nan nasa.

Mutum ɗaya Israel ya samu da zai faɗa wa, wato Mama Rhoda. A wani shagon kayan miya da ke titin Rye Lane ta gan shi yana juya ƙullin acca, ta karanta sunan da ke ƙirjinsa, ta buga masa gaisuwa da Birom har ya kusa sakin ƙullin. 'Yar Vom ce, ta fi shekara ashirin a nan tana aikin kula da tsofaffi. Cocinsu bai burge ta ba, ta gaya masa haka a fili, amma ɗan gida ɗan gida ne, ta ce su zo cin gwate. Suka je su biyu, tunda babu yadda za a yi ɗaya ya je. Pruett ya yi cokalinsa biyu ya ajiye, ya zauna yana kallon hotunan bango. A gabansa suka yi maganarsa da Hausa.

"Mama, ni fa ban gane wa mutumin nan ba," in ji Israel, ya kwashe duka ya faɗa mata.

Ta kalli Baturen, shi kuwa ya yi mata murmushi.

"Ka gani ko? Ɗana, ka yi careful," ta ce. "Ni wadda ta fi yi mini smiling a wajen aiki, ita ta yi reporting ɗina wajen manager. Ba sa faɗa da kai, sam. Kana zaune kawai za ka ji an ce akwai meeting. Kuma me mutum zai yi a toilet da tap a buɗe in ba waya ba? Kar ka tsaya ya riga ka. A ƙasar nan wanda ya fara magana shi ake ji."

Israel ya san wayar Pruett a kan tebur take zama in ya shiga banɗaki. Amma shi tsohon mai gyaran waya ne, ya san mutum kan riƙe biyu. Wata safiya, ruwa na zuba, ya laluba aljihunan kwat ɗin Baturen, ya ɗaga katifa, ya duba cikin takalma. Bai samu komai ba. Da wani ne, da ya ji kunya ya bari. Shi kuwa sai ya ce lallai mutumin nan ya iya ɓoyo.

Ana haka aka ce shugaban mishan zai zo ya gana da kowa, ɗaya bayan ɗaya, a wani ƙaramin ɗaki na cocin. Wannan ganawa ita ce wuri na biyu, bayan banɗaki, da ƙofa ke raba abokan aiki. Pruett aka fara kira. Israel ya zauna a kan benci yana kallon ƙofar, yana jin muryoyi ƙasa-ƙasa, kuma sau biyu ya tabbata ya ji sunansa. Aka daɗe. Da Pruett ya fito idanunsa sun yi ja, ya dafa kafaɗar Israel ya ce, "Shiga, kai yake jira." A ransa Israel ya ce an gama da shi, har mai gulmar ma abin ya ba shi tausayi.

Shugaban dattijo ne mai sanyin murya, ya miƙa masa hannu ya tambaye shi yaya sanyi. Israel bai tsaya kan sanyi ba.

"Ranka ya daɗe, kafin a yanke mini hukunci, ni ma ina da abin faɗa," in ji shi da Turanci.

Ya faɗi komai, har da gishiri. Wanda aka ce ya koya masa aiki ba ya buɗe baki a ƙofar kowa. Ba ya karatu, zama kawai yake yi. Ba ya cin abinci. Kullum sai ya kulle kansa ya saki ruwa, Allah kaɗai ya san abin da yake yi. Dattijon ya daina murmushi, ya matso da kujerarsa. Ya tambaya tun yaushe. Ya tambaya ko yaron yana barci, ko ya rame, ko ya taɓa cewa ya gaji da rayuwa. Israel yana amsawa yana jin daɗi, don ga shi an ɗauki maganarsa da muhimmanci.

"Na gode da ka gaya mini," in ji shugaban. "Na tambaye shi lafiyarsa, ya ce ƙalau. Na tambaye shi gida, ya kasa magana, sai ya juya zancen ya koma kanka. Ya ce kai kake riƙe da aikin nan tun makonnin farko, bai taɓa ganin sabon zuwa mai ƙarfin hali irinka ba. Wane hukunci kake nufi?"

Israel ya miƙe ya yi sallama. Ya fito, ya tarar da Pruett a kan bencin yana jiransa, kamar yadda doka ta ce.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Aka kai Pruett wajen likita, Israel na zaune a waje. Aka sake kai shi. Aka yi waya da iyayensa. Ba a yi kwana goma ba aka ce zai koma gida a duba shi sosai, ciwon damuwa ne, kuma ya daɗe yana cin sa. Babu wanda ya yi masa faɗa, babu wanda ya kira abin kora. Shi Israel har yabo ya sha, aka ce za a turo masa sabon abokin aiki, kujerarsa ta zauna daram. Abin da ya yi ta roƙon Allah a kai ya samu, amma ko kaɗan bai ji daɗinsa ba.

Ranar tafiya ya zauna a bakin gadonsa yana kallon Pruett na ninke fararen riguna. Sai yanzu ya lura wuyan rigar ya yi wa yaron yawa. Pruett ya yi magana fiye da duk wadda ya yi tun haɗuwarsu. Ya ce kakansa ya yi wannan aiki, mahaifinsa ya yi, yayyensa uku sun yi, kuma a garinsu in mutum ya dawo daga shekara biyunsa har filin jirgi ake zuwa tarbarsa da alluna. Babu wanda ya taɓa dawowa kafin lokaci a gidansu. Ya ce in suka tsaya a ƙofar mutane maƙogwaronsa ne ke rufewa, shi ya sa yake tura Israel gaba. Famfon kuwa, ba ya so sabon zuwa ya ji mai koya masa aiki yana kuka.

"Saura mini wata tara," in ji shi. "Na ɗauka zan iya kaiwa. Ban san yadda shugaban ya gane ba, na ɓoye iya ƙoƙarina." Ya rufe akwatin, ya ɗago. "Na san ka lura, ɗan'uwa. Ɗaki ɗaya muke. Ka gani ka rufa mini asiri duk watannin nan, ko sau ɗaya ba ka kunyata ni da tambaya ba. Ba zan manta ba."

Kunya ta kama Israel har ya ji zufa a cikin sanyin nan. Maganar cewa shi ne ya tona shi ta zo masa baki, gajeriya ce ma. A ƙasa motar mishan ta yi oda. Ya miƙe ya karɓi akwatin daga hannun yaron, ya ce matakalar da santsi, bari shi ya yi gaba.