Tukunyar da Inna ta wanke rabi

Shekarun baya, ina ɗaliba mai jin kanta ta gama sanin duniya, na samu gurbin sitaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin gidan tarihi a nan Garwa. 'Yan ɗakuna ne kawai, sai tsakar gida mai famfo da inuwar darbejiya. Shugabar wurin kowa Madam yake ce mata. Ranar da na fara, ta miƙo min safar hannu, ta ce duk abin da na gani a gidan nan ba a goge shi, ba a kankare shi, ko ƙura ce a kansa sai an tambaye ta. Na ce to, a raina ina cewa wannan ai ƙaramin abu ne.

Da sitaj ɗin ya kusa ƙarewa, ta ɗora min aikin da ya hana ni sukuni: in shirya baje kolin kayan girki na dā, in kuma karɓi 'yan makarantar da za su zo gani. Ta faɗa min a fili cewa in abin ya yi kyau za ta riƙe ni in riƙa kula da ziyarar makarantu, in bai yi ba, sai dai mu yi sallama. Ni kuwa ina son aikin nan kamar raina.

Abin da na fi ji da shi cikin kayan wata babbar tukunyar ƙasa ce, baƙa ƙirin saboda hayaƙin murhu. Ba ta gidan ba ce, aro ce. Wata tsohuwa 'yar kan duwatsu, Kirista, mai sayar da gyaɗa da riɗi a kasuwar Roumdé Adjia, ita ta bayar. Mahaifiyarta ce ta gina ta da hannunta. Har jawabi na haddace a kan baƙin nan, yadda yake shaidar girkin shekara da shekaru.

Ana gobe ziyarar, na fito da kayan baranda na jera a kan tabarma. Madam ta fita. Sai ga mahaifiyata ta sauka daga kan babur da kular abinci, wai ta gaji da ganin ina dawowa gida kamar an zare min laka. Na zaunar da ita a inuwa. Kafintan da zai kawo mana tebur ya tsaya a bakin ƙofa yana kirana, na fita muka tsaya jayayya a kan tsayin ƙafafun tebur.

Da na dawo, tun daga nesa na jiyo ƙarar soso. Inna ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa a gindin famfo, tukunya a gabanta, baƙar kumfa na gangarawa cikin kwata.

"Inna! Me kike yi?"

"Me kika ga ina yi? Gobe 'ya'yan mutane za su zo da malamansu, ki nuna musu wannan ƙazantar? A ce 'yar wa ta shirya wurin?"

Na riƙe hannunta. Gefe guda na tukunyar ya riga ya koma ja wur, ɗaya gefen yana nan da baƙinsa. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Inna ta tsaya tana kallona, soso a hannu, ta kasa gane abin kuka a wanke tukunya.

A haka Madam ta same mu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta daɗe tana duban tukunyar, sannan ta ce da ni: "Abin da ya bi kwatar nan ba zai dawo ba. Kuma kayan ba namu ba ne. Ki je ki faɗa wa mai shi da bakinki. Maganar zamanki a nan, sai kin dawo."

Inna ta gyara mayafi ta ce ƙafata ƙafarta. "Hannuna ne ya yi, bakina ne zai faɗa."

Mun sami tsohuwar a bayan farantan gyaɗarta. Aka gaisa da Fulatanci, aka koma Hausa, Inna ta zayyana komai ba ta rage ba. Na nuna mata hoton tukunyar a wayata. Ta karɓa ta matso da ita kusa da idonta, ta ƙura wa hoton ido har na fara tunanin inda zan ɓoye fuskata a garin nan.

Sai ta ɗago ta ce: "To me ya sa kuka tsaya a rabi?"

Ashe abin ya daɗe yana damunta. Ta ce ranar da za a ɗauki tukunyar ta so ta wanke, aka ce mata mutanen mize, wato gidan tarihin, sun fi son ta a haka. Tun daga nan ba ta taɓa leƙa wurin ba, don kunyar a ce tukunyar uwarta ce ke zaune da datti a gaban baƙi. Inna ta waiwayo ta dube ni, irin kallon nan na "kin ji ko?"

Tsohuwar ta sake duban hoton, ta ɗora yatsa a kan gefen da aka wanke. Wasu ƙananan layuka ne suka zagaye kafaɗar tukunyar, waɗanda ni a cikin kukana ban ma lura da su ba. Ta ce mahaifiyarta ce ke murza igiyar ciyawa a kan ɗanyen yumɓu ta fitar da su, kuma rabonta da ganin su tun tana yarinya. Nan take na yi ƙarfin hali na ce: "Mama, za ki zo gobe ki faɗa wa yaran wannan da kanki?" Ta ce in dai za a samu mai tsare mata gyaɗa. Inna ta ce ƙanwata na gida ba ta aikin komai.

Na koma na faɗa wa Madam yadda muka yi, na kuma roƙe ta ta bar ni in sa tukunyar a tsakiyar ɗaki yadda take, in watsar da jawabina. Ta ce in gwada, amma ban ga alamar ta sa rai ba.

Washegari yaran suka shigo a layi, hannuwa a baya, fuskokinsu na cewa yaushe za a tashi. Na ce su zagaya tukunyar, sannan na yi tambaya ɗaya: a ƙarasa wanke ta, ko a bar ta? Kafin ka ce me, ɗaki ya kaure. Faransanci, Fulatanci, Hausa, kowa da harshen da ya fi masa saurin fitowa. Wata yarinya ta ce baƙin ne ke nuna an ci abinci a gidan. Wani ya ce a gidansu wanda ya bar tukunya haka ba zai kwana lafiya ba. Tsohuwar na kan kujera cikin kayanta na zuwa coci, suka yanyame ta da tambaya, ta nuna musu yadda ake murza igiya a kan cinyarta. Lokacin tafiya ya yi ya wuce, malaminsu na tafa hannu babu mai jin sa. Da zai fita ya tambayi Madam ko zai iya kawo wani ajin.

Bayan an watse ina tattara kujeru, Madam ta wuce ta gefena ta ce: "Ranar Litinin ki zo da wuri, akwai wata lekol da za ta kawo ɗalibanta." Na ajiye kujerar na zauna a kanta. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Ba na cewa wankin nan daidai ne. Madam ta yi gaskiya, an yi asarar abin da ba ya dawowa, kuma duk ɗalibin da ya zo sitaj hannuna yanzu, gargaɗin farko da nake masa ke nan. Amma tun daga lokacin ba na jera kayan kowa sai na tambayi masu shi abin da suke so a gani a jikinsa. Tukunyar tana nan a tsakiyar ɗaki, rabi ja rabi baƙi, yara na ta gardama a kanta. Inna kuwa, in ta zo, ofis ake zaunar da ita a rufe ƙofar tsakar gida. Hakan bai hana ta faɗa wa mata a gidan suna cewa ita ta samo wa 'yarta aiki ba, kuma ban taɓa musa mata ba.