Ki Taho Gida, Lafiya Lau

Kowa ya yi kuskure a kan abin da ke damuna, kuma kowa da ƙarfinsa ya yi shi. Yayata ta ce olsa ce, ta sayo min farin maganin nan mai kauri a kemis. Mijinta ya ce aure nake so, kunya ta hana ni faɗa. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce, ta turara min hayaƙi har labulena ya yi sati yana wari. Wata ƙawata kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce rashin godiyar Allah ne kawai. Tata ta fi ƙona min rai, don ni ma nakan zargi kaina da hakan.

Ni ban ce ina cikin wahala ba. Ina zaune a Gusau gidan yayata, ɗakina daban. Ina da shagon ɗinki, keke biyu, aiki ba ya yankewa, gab da salla ma korar mutane nake yi. Innata tana Tsafe da ƙafafunta, tana surfenta, tana faɗa da kaji. Ba wanda ke kwance. Amma akwai wani abu a ƙasan ƙirjina, shi ba ciwo ba, kamar dai na bar tukunya a wuta na fita unguwa. Ina yanka yadi yana nan. Ina shewa a gidan biki yana nan. Waya ta yi ƙara kuwa in ga lambar gida, sai in tsaya ina kallonta kafin in ɗauka.

Na san ranar da ya fara. Ina aji biyar a makarantar kwana aka aiko ana kirana a ofis. Kawu ne, ƙanin Inna, tsaye da hularsa a karkace yana murmushi.

"Babanki ke son ganinki."

"Lafiya, Kawu?"

"Lafiya lau. Ɗauko hijabinki mu tafi."

A tasha ya saya min rake. A mota ya yi ta ba ni labarin jakin maƙwabcinsa da ya cinye wa liman shanyar dawa. Har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ina ƙyalƙyala dariya, ruwan rake na bin hannuna. Muna shan kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a jere, ga butoci. An kai Baba tun da hantsi. Da guntun rake a hannu na shiga gidan.

Ban riƙe Kawu a rai ba. Haka ake yi a wurinmu. Ba a faɗa wa mutum mutuwa daga nesa. A ce masa jiki ne ya ɗan motsa, ko ana nemansa, a lallaɓa shi har ya iso inda akwai mai riƙe shi. Tausayi ne, na sani. Sai dai ba wanda ya taɓa zama ya duba abin da wannan tausayin ke bar wa mutum. Shekara bakwai ke nan, duk wanda ya ce min ƙalau ake, ba maganarsa nake saurare ba, abin da ke bayan muryarsa nake nema.

"Inna, wa nake ji yana tari?"

"Akuya ce."

"To me ya sa gidan ya yi tsit?"

"Ikon Allah! Ganga kike so mu buga miki?"

Haka muke yi a waya kusan kullum.

Ranar Talatar da ta wuce ina tsakiyar ɗinkin anko na mutum shida, bikin Juma'a ne, sai Gwaggo ta kira. Yayar Baba ce, a Bungudu take aure.

"Ɗiyata, in kin samu sarari ki leƙo ni yau."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Lafiya lau. Ke dai taho."

Ƙit ta kashe. Na kira Inna, waya a rufe. Na kira Kawu, bai shiga ba. Shi ke nan. Na bar riga a bakin keke da allura a jikinta, na ja ƙofa, na tare mashin zuwa tasha. A mota na haɗa komai da kaina: Inna ce, sun ga ba za su iya faɗa min ba, shi ne suka ce Gwaggo ta jawo ni ta raka ni Tsafe. Kafin mu kai Bungudu na yi wa Inna wanka, na kai ta, har na fara tunanin tukunyar da za a ara ranar sadakar uku. Matar da ke gefena ta miƙo min gyaɗa, na harare ta, baiwar Allah.

Ƙofar gidan ba tabarma ko ɗaya. Na ce to, suna ciki. Na afka ko sallama babu. Gwaggo na zaune a inuwar ɗaki ta miƙe ƙafa tana tsince wake, rediyo na ta surutu.

"Wa ya rasu?"

"Subhanallahi! Ke da wa? Haka aka shiga gidan mutane?"

"Gwaggo, don Allah wa ya rasu?"

Ta kalle ni, ta miƙa hannu bayanta ta jawo leda. Atamfa ce, ruwan ganye, surukinta ya kawo mata.

"Awo za ki yi min. Ɗinkin bara ba ya shigata, na ƙara jiki."

Na zauna daɓas a ƙasa. Kukan da ya zo min na haushi ne zalla. Anko shida na jira na, na kashe uwata a mota, duk saboda Gwaggo ta ƙara jiki.

"Ai na ce miki lafiya lau."

"Haka Kawu ma ya ce!"

Ta rage rediyon.

"To mi kike so a yi? A bugo a ce ubanki ya mutu, ki zube bakin titi mota ta bi ta kanki?"

"Gara in zube sau ɗaya, Gwaggo. Wannan kullum cikin zubewa nake, kaɗan-kaɗan, ina tsaye."

"Uwarki ta san da wanga abu?"

"A'a."

"In ta tambaye ki ya kike, mi kika ce mata?"

"Ƙalau."

Dariya ta yi har wake na zuba daga faifai. "Ashe ke ma tamu ce. Kin iya abin da kike zagi. Tashi ki auna ni, sarkin gaggawa, ko abin awon ma ba ki ɗauko ba."

Da igiyar shanya na auna ta, ina ƙulla alama. Da la'asar Inna ta kira, wai caji ne ya ƙare, kwana biyu ba wuta. Ta ce ya kike. Na buɗe baki, wallahi sai na ji kaina ina cewa ƙalau. Kamar in mari kaina.

Abin bai tafi ba. Yau da safe ma ina zura zare yana nan a wurinsa. Amma na gaji da zama ina gadin waya kamar wadda aka ɗauka aiki. In na sallami masu anko ranar Juma'a, Asabar da sassafe Tsafe zan nufa. Zan sa a kira Kawu, in zaunar da su shi da Inna. Ni zan fara, in faɗa musu abin da na shekara bakwai ina ɓoyewa, tun daga raken. Sannan in roƙi abu ɗaya: duk ranar da wani abu ya faru, a faɗa min a wayar yadda yake, ko ina tsakiyar kasuwa, ni zan nemi wurin zama da kaina. Na san Inna, cewa za ta yi ba a haka, kuma me mutane za su ce. Ta faɗa. Na riga na gaya wa masu kawo ɗinki kada su neme ni, don ba zan taso daga tabarmarta ba sai ta yi min alkawari da bakinta.