Lambar da Na Hana a Duba

Da za a ba ni damar goge wuni ɗaya daga rayuwata, da wata Laraba zan goge, ranar da na hana ƙanena shiga ƙarƙashin wata mota a Tsafe. Yau damina uku ke nan bai taka ƙasa da ƙafafunsa ba. Mutane suna cewa ƙaddara ce. Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma na san ta hannun wanda ta biyo.

Ni manomi ne a Nahuce. Karatuna bai wuce firamare da allo ba. Da ƙuruciyata na yi dillancin shanu, har Fulanin da ke zaune gabas da mu kan kira ni in duba musu sa kafin su saya. Nakan buɗe bakinsa in ga haƙori, in sa a ja shi in ga tafiyarsa, in ɗaga kofato. Ban taɓa jin nauyin kowa a kan haka ba. Na faɗi wannan ne don a san ba rashin sanin amfanin dubawa ne ya kai ni ba.

Ina da gona a wajen Kekun Waje. Da zarar ruwa ya zauna, hanyarta sai laka da kwazazzabo, ƙaramar mota ba ta shiga. Ga kuma yadda dajinmu ya zama, ba mai son abin hawa ya mutu masa a tsakiyar hanya. Shi ya sa na daɗe ina neman a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Sai surukina, mahaifin matar babban ɗana, ya aiko mini daga Tsafe cewa yana da irinta, ta hannu, zai sayar, kuma ya fi son ta zauna a gida.

Ƙanena makaniki ne, garejinsa yana Tudun Wada a Gusau. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi. Da ya ji labari ya ce sai ya raka ni. A hanya yake yi mini bayanin abin da ban sani ba. Ya ce kowace mota tana da lambarta, haruffa da alƙaluma goma sha bakwai, suna kiranta lambar casis. Tana cikin takarda, tana gindin gilashin gaba, an kuma buga ta a jikin ƙarfen da motar ke zaune a kai. Dole ukun su zama ɗaya. Ya ce wani lokaci masu ƙera mota kan gano wani ƙarfe da suka sa yana da aibi, sai su yi shela a mayar da motocin a canza shi. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana daga waje ba a taɓa mayar da su ba. In ka sa lambar a waya, za ta nuna maka.

"Kuma irin wagga mota, Yaya, ƙafar gaba ce ciwonta," in ji shi. "Can zan fara."

Muka isa da hantsi. Alhaji, wato surukin nawa, ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yanka kaji, ya kira abokansa dattawa su gaishe ni. Motar tana gefe, fara, an wanke ta tana ƙyalli. Aka tayar da ita, injin yana tafiya sumul. Bayan mun ci abinci ƙanena ya karɓi takardu, ya gwada lambar da ta gindin gilashi, suka yi daidai. Sai ya ɗauko kwali ya shimfiɗa a ƙasa, ya ciro tocila, ya fara naɗe hannun riga.

Alhaji ya yi dariya. "Af, Malam, ashe da likita kuka zo?"

Dattawan suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "A bar shi ya auna ta, ko tana da hawan jini."

Alhaji ya juyo gare ni, fuskarsa a sake, ya ce, "Malam, 'yata tana gidanka, jikokina suna gidanka. Motar nan, in da ciwo gare ta, kai zan kira?"

A wurinmu ba a jujjuya kayan suruki. Ko akuya ya miƙo maka, ba ka buɗe bakinta a gabansa. Na ji kamar an tuɓe mini hula a tsakiyar kasuwa. Na ce wa ƙanena ya tashi. Ya ja ni bayan motar, ya rage murya.

"Yaya, ba zargin Alhaji nake ba. Ta gilashi ana iya canza ta. Ta jikin ƙarfe nake son gani, in girgiza taya. Kafin shayin can ya huce na gama."

"Ka ɗauke kwalin nan."

"Sa ma kana ɗaga masa kofato."

"Sa ba na surukina ba ne. Ni za ka kunyata a gaban mutane? Da ƙazamar rigarka?"

Ya naɗe kwalinsa, ya mayar da tocila aljihu, ya je ya durƙusa ya ba Alhaji haƙuri. Maganar rigar nan har yau tana ci na. Da ita yake ciyar da mutum tara.

Bayan mun dawo, ya yi ta kira na a waya. "Yaya, kawo ta gareji in ɗaga ta. Alhaji ba ya nan, ba wanda zai gani." Ni kuwa ina tunanin matar ɗana tana cikin gida, in ta ji an kai motar mahaifinta bincike, magana za ta isa Tsafe. Na ce sai bayan shuka. Aka yi shuka, na ce sai bayan noman farko. Motar kuwa tana aiki, tana shiga inda babur ke tsoro. Na riƙa ɗauko mutanen gari kyauta ranar kasuwar Bungudu, ina jin daɗin yadda ake sa mini albarka.

Sai ta fara wata ƙara a ƙafar gaba ta hagu, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da ta faɗa rami. Na ji ta sarai. Nakan ƙara muryar rediyo.

Wata Juma'a ƙanena ya zo Nahuce gaishe da gwaggonmu. Bayan an sauko daga masallaci na ɗauko shi zuwa gida. Ba mu yi nisa ba ya sa hannu ya kashe rediyon.

"Tun yaushe take wannan?"

Na ce kwana biyu. Ƙarya nake, ta fi wata.

Ya sauka ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, ya daɗe a tsugune. Ya ce ƙarfen da ke riƙe taya da ƙafa, wanda suke kira bol-joyin, ya kusa rabuwa, kuma ba shi da kayan aiki a nan. Na ce to, gobe akwai mata masu zuwa awon ciki, in na kai su sai in wuce Gusau.

"Ba mai sake shiga wagga mota," in ji shi. "Ba ni makulli. Ni zan lallaɓa ta, in ta yi wani abu na fi ka sanin yadda zan yi."

Na ba shi. Da hannuna na ba shi.

Ya wuce Bungudu lafiya. A wata gangara kafin Gusau, kusa da kwalbati, ƙarfen ya tsinke, tayar ta lanƙwashe ƙarƙashin mota. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake ba. Ta kauce, ta gangara rami, ta kife. La'asar ba ta yi ba aka kira ni. A asibiti aka ce ƙashin bayansa ne.

Bayan an sallame shi, yana kwance a ɗakinsa a Tudun Wada, ya ce in je inda aka ja motar in kwafo masa lambar jikin ƙarfe. Na je. Motar tana gicciye, cikinta a waje, ban ko buƙaci kwali ba. Na goge laka da gefen rigata, na rubuta haruffan ɗaya bayan ɗaya a bayan takardar magani. Ba su yi kama da na takardunmu ba. Na kawo masa, ya sa su a wayarsa, ya karanta mini a hankali. Motar ta girmi shekarun da aka rubuta mata, kuma tana cikin waɗanda aka yi shelar a mayar saboda wannan ƙarfen na ƙafar gaba. Ba a taɓa mayar da ita ba. Duka binciken bai kai tsawon alwala ba.

Na tafi Tsafe da wuta a cikina. Ina son in sami wanda zan ɗora wa. Alhaji ya saurare ni, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, hawaye na zuba a gemunsa.

"Wallahi Malam, ban sani ba. A hannun aminina na saye ta. Ni ma direbana ya so ya shiga ƙarƙashi, na hana shi."

Na dawo da kayana a kaina, ba inda zan sauke.

An rufe garejin. Wani mai walda ne a wurin yanzu. Ina kai wa iyalin ƙanena hatsi duk kaka, matarsa tana karɓa ta yi godiya ba ta kalle ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba. In na shiga sai ya ce, "Yaya, ya damina? Dawa ta yi kai?" Da zai zage ni sau ɗaya, wataƙila da na samu sauƙi. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, ya juya fuska bango. Kwalin nan yana nan jingine a bayan ƙofarsa, ban san dalilin da ya sa ba a jefar ba, ban kuma iya tambaya ba. Likitoci sun daina ba mu rana. Ni ma na daina tambayarsu.

Ba ni da abin da zan gyara yanzu, shekaruna sun tafi, ƙafafunsa ma sun tafi. Roƙona ɗaya ne ga duk wanda ya karanta wannan. In za ka sayi mota ta hannu, ko a wurin mahaifinka ne, ka bar mai dubawa ya shimfiɗa kwalinsa. A gwada lambar takarda da ta jikin ƙarfe, a sa ta a waya, a girgiza kowace taya. In an yi maka dariya, ka sunkuyar da kai ka jure, kafin la'asar an manta. Don Allah kada ka yi abin da na yi.