Kuɗin Faci

Uwar Biyu tela ce, kuma ƙawata ce tun muna 'yan mata. Shagonta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, dab da inda nake kasa sabulu da bokitai. Keken ɗinki ɗaya ne a ciki, sai benci, sai gwangwanaye biyu a ƙarƙashin tebur.

Shekarar da mijinta ya rasu mai gidan da take haya ya ƙara kuɗin haya. Da ta kasa biya, ya sa aka fito mata da kaya bakin titi. Tagwayenta mata suna zaune a kan katifa, masu wucewa suna kallo. Yayanta ya ce ta koma gidansa, akwai ɗakin ajiya da za a share mata.

"Na gode, Yaya," in ji ta, "amma ni ba buhu ba ce."

Ta kama ɗaki a wani gidan, ta kuma kafa wa kanta doka. Kuɗin sabon ɗinki na abinci ne da haya da makarantar yara. Kuɗin faci kuwa, ko na maɓalli ɗaya ne, gwangwani na biyu yake shiga, ƙarshen wata ta kai banki. Akwai ƙananan gidaje da wani kamfani yake ginawa a bayan gari, ka ba da kafin alƙalami a ba ka makulli, sauran ka riƙa biya wata-wata. Kafin alƙalamin nan take tarawa.

Sauran teloli suna raina faci, ita kuwa farautarsa take yi. Mutum na wucewa za ta ɗaga murya: "Malam, aljihunka ya ɓule! Kawo kafin kuɗin su zube a inda ba a bukatarsu." Telan da ke tsallaken titi ya riƙa yi mata kirari da mai gidan faci. Takan ce, "Ka bari in gina, kai zan ba ɗinkin labule."

Har sau biyu tana gab da cikawa kamfanin ya ƙara farashi. A na biyun tana dawowa ta hau keke tana takawa kamar za ta karya shi. Na ce, "Uwar Biyu, ko za ki haƙura?"

"Su yi ta ƙarawa. Wando ya daina yagewa ne a duniya?"

Ana cikin haka ciwon ciki ya kama ta. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce abin ya wuce aiki. Yayanta ya zo shago ransa a ɓace, ya ce ta ciro kuɗin a gwada wani asibitin.

"In kika mutu gidan zai bi ki kabari ne?"

"Ba zai bi ni ba, Yaya. Shi ya sa nake son sa. Nan zai tsaya da yarana a ciki."

Abin da ya rage mata ta cika kuɗin ba shi da yawa, amma ƙarfinta yana ƙarewa. Na ƙulla 'yan kuɗina na kai mata, ta tura mini abina, ta ce ba a gina mata gida da tausayi. Sai muka haɗa baki da matan layinmu. Kowa ta ɗauki reza ta tsarge zanenta, ta tsarge rigar mijinta, muka yi ta kai mata. Ta ɗaga nawa ta duba a haske.

"Ke, ƙusar da ta kama miki zanen nan makaranta ta yi? Ji yadda ta tafi a miƙe."

"Faci za ki yi ko bincike?"

Ta yi dariya har ta dafe ciki, hawaye na zuba. "To ku sani, yagar reza kuɗinta ninki ne."

Muka biya ninkin. Ba ta karɓi na kowa ba sai da ta ɗinke. Da ƙafafunta suka kumbura, ɗaya daga cikin tagwayen ke taka keken, ita tana riƙe da ƙyallen.

Ranar da aka ba ta makulli, ni da yayanta muka riƙe ta har tsakar ɗakin. Bango fari fes, warin siminti bai fita ba. Ta ce a miƙo mata guduma da ƙusa. Na ce me za ta rataya, ta ce babu. Duk gidan hayar da ta zauna, an hana ta buga ƙusa a bango. Ta yi ta bugu, ƙusar ta shiga a karkace, filasta ya ɓanɓare. Yayanta ya ce, "Haba, sabon bango!"

"Nawa ne. A kira mai gida ya zo ya hana ni."

Ba ta yi wata a ciki ba Allah ya karɓi abarsa. A ɗakin nan na yi mata wanka, ina kuka ina yi mata faɗa don ta tafi ta bar ni. Tagwaye suna nan a gidan, suna biyan na wata, ba su taɓa latti ba. Allah ya jiƙanki, ƙawata. Har yau in na zo buɗe rumfata sai na leƙa ƙarƙashin matakalar nan.